Geron da Ya Tsiro a Kan Layin Dogo

Akwai maganganu biyu da nake ji suna yawo a bakinku tun shekarar da na rufe shagon gyaran rediyo, kuma tunda jikokina ma sun fara ɗauka suna maimaitawa, gara in gyara su da hannuna tun ina da sauran gani. Ta farko, wai na zubar da irin geron uwarku saboda wasan yara. Ta biyu, wai ita kuma ta sa an rushe mini jirgina don ta rama. Ta farkon akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma kai Nasiru na san daga bakinka ta fito, don kai ne ba ka jin daɗin labari sai an yi faɗa a ƙarshensa.

A shekarar nan sana'ata ta mutu a hannuna ina kallo. Kowa ya koma jin labarai a waya, rediyon da ta lalace sai a jefa ta bayan gado, ni kuma sai in wuni a shago ina korar ƙuda. Da na gaji na kwashe kayan aikina na kawo gida, na koma zaman majalisa a gindin dalbejiyar ƙofar masallacinmu nan Ƙanƙara. Majalisar ta cika da baƙin tsofaffi a lokacin. Ba sai na faɗa muku abin da ya taso mutane daga ƙauyukansu ba, kun sani, kun gani. A cikinsu akwai Malam Isiyaku, magini ne daga Pauwa wanda gwiwa ta hana shi hawa katanga. Akwai kuma Baba Ɗanjuma, daga wajen Mairuwa, wanda ya girme mu duka, yana zaune a gidan 'yarsa Lami. Shi aikin layin dogo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa ya bi layi a ƙafa da guduma da jar tuta, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, ko da inda ya kwance ko ruwa ya ci ƙasa. Idan ana hira ba ya cika sa baki, sai dai ka ga yana jan layi biyu a ƙasa da sandarsa.

Ni kuwa kun san ciwona. Ba na iya ganin abu yana aiki in ƙyale shi ban leƙa cikinsa ba, agogon bangon uwarku shaida ne. Jirgin ƙasa kuma sau ɗaya na taɓa ganinsa, a Funtuwa, ina saurayi, ban kuwa taɓa shiga ba. Wata rana bayan la'asar na kasa haƙuri.

Na ce, "Baba, akwai abin da ya daɗe shina damuna. An ce jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. To in ya zo kwana, wa ke karkata shi?"

Ya ce, "Layi."

Na ce, "Layi ai ƙarfe ne kwance. Mi ya sani?"

Ya ce, "Ya hi ka sani, Malam Habu."

Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa na ji haushi. Ya yi mini bayani da sanda a ƙasa, wai ƙafar jirgi ba a miƙe take ba, ta ciki ta fi kauri, ta waje ta fi siranta, ga kuma ɗan leɓe da ke riƙe ta, saboda haka in layi ya lanƙwasa ita da kanta take neman hanya. Na ce na ji, amma gani ya kori ji. Washegari na roƙi Malam Isiyaku ya yi mini 'yan ramuka a yumɓu daidai siffar da Baba ya zana, na narka dalma na zuba, na sami ƙafafu huɗu. Na yanko langa-langa na kafa a kan katako, na lanƙwasa shi, na saki ƙafafun daga sama. Suka gangaro, suka sha kwanar nan ba wanda ya taɓa su. Na maimaita ya fi sau ashirin ni kaɗai a zaure ina dariya, har uwarku ta leƙo ta ga ko lafiya.

Daga nan abin ya fi ƙarfinmu. Kangon da ke jikin gidanmu, wanda na ce zan gina muku ɗakuna ban gina ba, shi muka share bayan kaka. Malam Isiyaku ya kwaɓa ƙasa yana ɗaga tudu da kwari, Baba Ɗanjuma yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, don guntun layin da ya yi shekaru yana takawa shi ya ce a yi, ba wani ba. Nan akwai kwana, nan layi yana hawa, nan gada, nan tsamiyar da suke cin abincin rana. A ƙarƙashin tudun layin ya sa aka bar 'yan ramuka bakwai da guntayen bututu, ya ce kwalbatoci ne, kuma sai da ya sa aka tayar da ɗaya har sau uku wai bai kalli inda ya kamata ba. Ni na ɗauka duk ado ne, irin rigimar tsufa. Da ƙasar ta bushe, Malam Isiyaku ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwa cin gini, ya shafe ta, ta yi duhu tana ƙyalli. Ni nawa ɓangaren ƙarfe ne. Na ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata tsohuwar rediyo, na haɗa shi da batirin tocila, na yi wa kan jirgi jiki da gwangwanin madara, taragai kuma da gwangwanin kifi. Da mun gama sallar walaha muke shiga kangon, in sanyi ya yi yawa mu hura 'yan kara mu ɗumama yatsu, mu ci gaba.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce mun fara taɓuwa, wasu suka ce zaman banza ne ya yi mana yawa, wanda yake gaskiya ne. Uwarku ba ta hana ba, amma bakinta bai huta ba. Duk ranar da na shigo da laka a gwiwar wando sai ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam, da an gaya mani yaro za ni aure, ai da na taho da majanyi."

Na ce, "Hajiya, bincike muke."

Ta ce, "To in kun gano shi ku gaishe shi."

Jirgin ya fara tafiya kafin zafi ya shigo. Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba ranar da ya zagaya kangon nan ya dawo inda ya tashi. Amma da bazara ta kankama sai ya ɓullo da wani hali. Da safe zai yi tafiyarsa lafiya lau, bayan azahar kuwa da ya zo miƙaƙƙen wurin nan kusa da gada sai ya tuntsure. Na canza batir, na sake ƙafafu, na auna nauyin taragai, na yi kwana biyar ina zargin kowa da komai ban da kaina. Abin da na yi kuwa shi ne, tun farko Baba ya sa an bar 'yar tazara tsakanin kowane guntun ƙarfe da na gabansa, ni kuma mai gyaran rediyo ne, a wurina duk inda aka ga tsaga to aiki bai ƙare ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe da dalma ban gaya wa kowa ba, har ina jin na yi gwaninta. A rana ta shida Baba ya sauko daga kan turminsa, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen da rana ta gasa, ya bi shi da yatsa.

Ya ce, "Wa ya toshe bakunan ga?"

Na ce ni ne, don aikin ya fi tsabta.

Ya ce, "Kai in ka kwanta ba ka miƙe ƙafa? Ƙarfe ma in ya sha rana shina miƙewa. Ka hana shi wuri, shi kau ya nemi gefe."

Na duƙa na hanga ta tsawon layin, sai ga shi ya yi ɗan ciki kamar bakan da aka ja. Da yamma da gari ya huce ya koma ya miƙe. Na yi kwana biyu ina yanke liƙin da na yi, kuma har yau in na tuna cewa ƙarfe yana numfashi da rana sai in ji mamaki ya kama ni sabo. Da ina da wayo, daga ranar ya kamata in gane cewa mutumin nan duk abin da ya sa a layin akwai dalilinsa, kuma dalilin yakan zama rana ce ko ruwa. Ban gane ba.

A tsakanin nan ne Lami ta shigo wurin uwarku, ta nemi a kira ni. Ta gaishe ni, ta sunkuyar da kai, ta ce mantuwa ta fara cin Baba sosai. Ran nan ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, wata rana kuma ya tsaya a tsakar gida ya rasa ƙofar fita.

Ta ce, "Amma Malam, duk ranar da ya zo wurin jirgin ga, in ya koma shina cin tuwo ya siɗe kwano. Ranar da bai zo ba ko kunu sai da lallashi. Don Allah kada ku gaji da shi."

Maganar ta zauna mini a rai. Ni ma na fara lura. Mutumin da zai tambaye ni sunana da safe, da ya shiga kangon sai ya faɗa maka kwalbati na nawa ne ke cika da yashi, da inda shanu suka saba tsallakawa. Na kuma gane cewa in wani abu ya sami layin nan ba za a iya sake shi ba, don ƙwaƙwalwar da ta fito da shi ba ta nan yadda take wata shida da suka wuce. Sai kuma Baba ya fara wata tambaya. Kullum da ya zauna sai ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Ya ce, "Hadari bai taso ba?"

Na ce, "Da saura, Baba. Kwantar da hankalinka."

Kullum haka. Ni a sana'ata ruwa abokin gaba ne, rediyon da ta sha ruwa ta gama yawo. Saboda haka na fassara tambayarsa da cewa tsoro yake ji kada ruwan farko ya narkar masa da layi. Makuba ko ba makuba, na ce a raina, ƙasa dai ƙasa ce. Na ƙudura cewa ko ana ha maza ha mata ɗigon ruwa ba zai taɓa wurin ba.

Yanzu sai maganar irin. Kun san uwarku 'yar wani ƙauye ce a bayan Ruwan Godiya. Gidansu suna da wani gero mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, tun kakanta ake juya irinsa. Da aka watse daga ƙauyen, 'yan uwanta kowa ya cinye nasa a wahalar da ta biyo baya, ita kaɗai ta rage da kamar tiya guda a cikin gora, ta toshe da toka. Shekara biyu ba mu da inda za mu shuka, tana ta fargaba kada ya mutu a gorar. A shekarar nan aka ba mu aron 'yar gona a bakin gari. Ranar da abin ya faru ta buɗe gorar ta ga alamar ƙwari, sai ta baza shi a kan tamfol ɗinmu, wanda shi kaɗai gare mu, a tsakar gida ya sha rana. Za ta gidan suna a unguwar gaba, ku kuma ba wanda yake gida. Tana yafa mayafi ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, in ka ga gari ya canza, ka naɗe tamfol ɗin ga da abin da ke cikinshi ka kai ɗaki. Shi ke nan abin da na roƙe ka."

Na ce ta tafi abinta.

Bayan la'asar iska ta juya. Na fito zaure na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, ana jin ƙamshin ƙasa tun daga nesa. Baba da Malam Isiyaku sun riga sun tafi gida. Na ruga tsakar gida, kuma a nan nake so ku karanta a hankali, don ba zan yi wa kaina ado ba. Ban manta da maganarta ba. Na tuna sarai. Na tsaya da tamfol a hannu na yi lissafi irin na mai wayo: in na kai shi ɗaki na tsaya neman abin juyewa, ruwa zai riga ni zuwa kango. Sai na tattara geron na zazzage shi a gindin bango, ƙarƙashin inuwar rufi, na ce yanzu zan dawo da roba in kwashe. Na ja tamfol na yi kango. Iska ta ce ba ta san zancen ba. In na danne wannan kusurwa da dutse ta ɗaga waccan, ni kaɗai, tsoho, ina zagaye ina haki. Ina danne ta huɗu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da na koma tsakar gida, sai na tarar inda na zuba geron daidai bakin indararo ne. Shekara talatin ina gidan nan, na san inda indararon yake zuba, amma a ranar ban duba sama ba. Ruwa ya kwashe shi tas, ya bi da shi ta rariya ya fita titi. Na durƙusa ina tarar ruwa da hannu, abin da na kama bai cika cokali ba, shi ma ya suɓuce.

Ta dawo gab da magariba a jiƙe. Ta dubi tsakar gida, ta dubi ɗaki, ta dube ni. Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba.

Ta ce, "Yunwa ba ta cinye shi ba. Gudu bai ɓatar da shi ba. Sai a tsakar gidana, a hannun mijina."

Ta shige ɗaki. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, amma duk da haka akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa ai dai na ceci tsoho. Da wannan na lallashi kaina har gari ya waye.

Da hantsi Baba ya iso, Malam Isiyaku na riƙe da hannunsa. Yana tafe yana sauri kamar ba shi ba, fuskarsa a sake. Da ya shiga kangon ya ga tamfol sai ya tsaya cik.

Ya ce, "Wa ya rufe layi?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce, "Wata shida ina jiran ranar ga. Ruwan farko shi ke gaya maka ko kwalbatinka na da gaskiya. Mu ranar ruwa muke hita, ba ranar ɓuya ba ce. Kai wane irin mutum ne?"

Malam Isiyaku ya ce, "Ni ma da ka tambaye ni, Malam Habu. Makuba hannu ukku na yi mashi. Ɗakin da na yi wa haka a Pauwa ya hi ɗiyarka shekaru."

Ashe duk tambayar hadarin nan ɗoki ne. Na zubar da gadon matata na kare abin da ba ya bukatar kariya, na kuma hana tsohon abin da yake jira, aikin baban giwa ke nan. Na yaye tamfol ɗin na kakkaɓe shi a nan kan layin, na naɗe, na kai zaure.

Bayan kwana huɗu ruwa ya dawo, shi ma da la'asar. Wannan karon muna nan mu uku a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya taɓa komai. Na ga abin da ban taɓa zato ba. Ruwa ya taru a gefen tudun layin, ya yi ta neman hanya, sai ga shi yana kutsawa ta 'yan bututun nan yana fita ta ɗaya gefen, kowanne da ɗan rafinsa. Shida suka yi aiki. Na bakwai ya toshe, Baba ya kifa malfa ya fita cikin ruwan da tsinke, ya zungure shi har ya buɗe, ya dawo yana ɗigar ruwa yana dariya da sauran haƙoransa. Wanda ya sa aka tayar sau uku shi ya fi duka jan ruwa. Lami ta ce a ranar sai da ya nemi ƙarin tuwo.

Uwarku kuwa tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, ban da haka ba komai. Tsokanar majanyi ma na yi kewarta.

Kwana kaɗan bayan haka muka ga wasu 'yan tsirai sun fito tsakanin katakan layi, inda muka zuba yashi, daga gada zuwa tsamiya. Baba ya ce ciyawa a kan layi ba ta kwana, ya duƙa ya fara tugewa. Ya tuge uku Malam Isiyaku ya riƙe masa hannu, ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafinsa.

Ya ce, "Wanga ba ciyawa ba ce. Gero ne."

A nan na gane. Ƙwayoyin da suka maƙale a ninkin tamfol ne, waɗanda na kakkaɓe a wurin da hannuna. Na ƙirga, saura tara. Na shiga gida na kira uwarku, ta yafa mayafi ta fito, karo na farko ke nan da ta taka kangon. Ta gaida su Baba, ta tsuguna ta daɗe tana kallon tsiran ba ta taɓa su ba. Na tambayi Malam Isiyaku ko za a iya cire su a dasa a gona. Ya ce saiwarsu ta riga ta bi tsagar ƙasar da makuba ta ƙanƙame, in aka ja za ta tsinke, in aka haƙa kuma ba tabbas, guda tara ba abin caca ba ne. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

Ta ce, "Ni ba ni cewa komi. Layinku ne."

Ku lura da wannan, ku da kuke cewa ta rama. Ba ta roƙa ba, ba ta yi sharaɗi ba. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Na san abin da ke gabana. In geron ya zauna, cikin sati biyu jirgi ba zai wuce ba, kafin kaka kuma saiwa za ta farfasa tudun gaba ɗaya. Ga maganar Lami a kunnena. Na auna, na sake aunawa, ban sami hanyar da kowa zai tsira ba. Ni na yanke, ba wani ba. Na ɗauke kan jirgin daga layi na riƙe shi a hannu, na tsuguna gaban Baba.

Na ce, "Baba, geron ga na Hajiya ne, irin gidan ubanta. Shi kaɗai ya rage a duniya, kuma ni na zubar da sauran. Ina so a bar shi ya nuna. Jirgi zai tsaya."

Ya daɗe yana kallon tsiran. Ban san ko ya fahimta ba. Can sai ya laluba aljihu ya ciro wani jan ƙyalle da yake share fuska da shi, ya yage shi biyu da haƙori, ya ɗaura kowanne a tsinke. Ya kafa ɗaya kafin gada, ɗaya bayan tsamiya.

Ya ce, "In layi ya toshe ba a gardama da shi. Tuta ake kafawa, a jira."

Na ce, "Har yaushe, Baba?"

Ya ce, "Har a ba da hannu."

Da farko ya ci gaba da zuwa. Yakan zauna a kan turminsa yana korar kaji da awaki daga geron, ya ɗauki abin a matsayin aiki. Amma ba ƙarar jirgi, ba abin gyara, ga geron ya yi tsawo ya rufe gadar da tsamiyar, har wata rana ya tambaye ni gonar wa ce wannan. Na gwada shimfiɗa masa ɗan layi a kan katako a zaure, ya dube shi ya kau da kai, ya ce wannan ba ya zuwa ko'ina. Zuwansa ya koma jefi-jefi, daga baya ya daina. Muna zuwa gaishe shi ni da Malam Isiyaku, wani lokaci ya gane mu, wani lokaci a'a. Allah ya karɓi abinsa ana saura 'yan makonni a fara girbi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwanansa ne ya ƙare, na sani, kuma Lami ba ta taɓa ɗora mini laifi ba ko da da ido. Amma in na ce muku ban taɓa tambayar kaina ko da jirgin ya ci gaba da zagayawa da ya ƙara cin tuwon 'yan watanni cikin hayyacinsa ba, na yi ƙarya. Duk tambayar da ta dame ni a rayuwa na kwance ta da sukundireba na ga cikinta, wannan ce kaɗai ba ta da murfin da zan buɗe. Har yau tana ci mini rai.

Geron ya nuna. Ya yi 'ya'ya fiye da yadda muka zata, gashin nan ya fito, tsuntsaye suna zuwa suna komawa. Tudun layin kuwa ya tsattsage, gadar ta rufta, langa-langa ya yi tsatsa ya karkace. Duk geron da kuke shukawa yau a gonar bakin gari, wanda kuke yabon furarsa, daga guda taran nan ya fito.

Ranar yanka uwarku ta ce ba wanda zai taɓa mata, da kanta ta shiga da wuƙa. Ina tsaye a bakin kango ina riƙe mata kwando. Da ta yanke zangarniyar ƙarshe sai ta duƙa a cikin karan tana lalube, na ɗauka wata ce ta faɗi. Ashe tutocin take nema. Rana da ruwa sun cinye jan, sun koma fari-fari. Ta tuge su, ta share ƙasar jikinsu da gefen mayafinta, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Malam, an ba da hannu."

Na karɓa. Na dubi kangon daga wannan bango zuwa wancan, babu layin da jirgi zai bi, babu kuma mai duba shi. A nan na zauna a kan turmin Baba na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa, ita kuma ta tsaya a gefena da kwandonta ba ta tafi ba.